Da gaske baduku ya taya rubuta tsarin mulkin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, amma kullum da yamma ina taya baffana zaman shagonsa na ɗinkin takalma. Kwanan baya ana hira a shagon, wani ya ce cikin mutanen da suka kafa ƙasar Amurka har da baduku, wai daga bakin aikinsa aka ɗauke shi sai majalisa. Baffa ya ce irin labaran nan ne da ake ƙaga wa matasa don a ƙarfafa musu gwiwa. Gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, ta yaya ya kai can, kuma da ya je me ya tsinana wa talakawa irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wa Baffa an yi mutumin, sunansa Roger Sherman, kuma ɗinkin takalma ce sana'ar da ya tashi da ita. Amma Baffa ma bai faɗi ƙasa ba, domin zancen "daga bakin aiki sai majalisa" ƙarin gishiri ne. Tun wajen 1745 Sherman ya fara sakin basilla. Bai shiga taron wakilan yankunan Amurka ba sai 1774, sannan lokacin da ya zauna a Majalisar Wakilai ta tarayya a 1789 ya riga ya zama dattijo, shekarar ce ya cika 68.

An haife shi ranar 19 ga Afrilu 1721 a Newton, kusa da Boston, lokacin Massachusetts tana ƙarƙashin sarkin Ingila. Yana ɗan shekara 2 iyayensa suka koma Stoughton, can ya girma. Mahaifinsa William manomi ne kuma baduku, kamar yawancin masu sana'ar hannu a karkarar yankin: lokacin zafi ana gona, in sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ƙasa sai a koma ɗaki a kama fata. Turawan wancan zamani suna bambanta mai ɗinka sabon takalmi da mai gyaran tsoho, kowa da sunan da ake kiransa. Su Sherman masu ɗinka sabo ne.

Abin lura a sana'ar tasu shi ne tsabar kuɗi ba ta cika yawo a ƙauyukan ba. Manomi zai kawo fatar da majemi ya jeme masa, a ɗinka wa iyalinsa takalma, a rubuta a littafi. Bayan watanni ya kawo masara, ko itacen wuta, ko ya yi maka yinin aiki a gona, shi ma a rubuta. Badukun da bai iya lissafi ba sai ya wayi gari yana yi wa gari aikin banza. Sherman kuwa lissafi ya shiga ransa fiye da abin da littafin bashi yake bukata. Karatunsa na aji bai wuce na makarantar ƙauye ba (tun 1647 dokar Massachusetts ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara), sai dai an ce limamin cocin garin, Samuel Dunbar, wanda ya yi karatu a Harvard, ya taimaka masa. Ana kuma ba da labarin yana ɗinki da littafi a buɗe gabansa. Ba a rasa irin wannan a tarihin kowane babban mutum, amma abin da ya yi daga baya ya nuna lallai ya karanta lissafi da ilimin taurari wani wuri, kuma ba a jami'a ba.

Mahaifinsa ya rasu a 1741, nauyin uwa da ƙanne ya hau kansa yana kusan shekara 20. A 1743 ya kwashe iyalin zuwa New Milford a yammacin Connecticut, inda yayansa ya riga ya zauna. Masu ba da labari suna cewa da ƙafa ya yi tafiyar, fiye da mil 100, kayan aikinsa a baya. Daga baya ƙannensa maza biyu, Nathaniel da Josiah, sun yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Princeton suka zama limaman coci, da taimakon yayan da shi bai taɓa zama ajin kwaleji ba.

To, a New Milford ne rayuwarsa ta sauya, kuma abin da ya sauya ta awon ƙasa ne. A 1745 majalisar Connecticut ta naɗa shi safiyon lardin New Haven yana shekara 24. Ka tsaya ka duba irin wurin. Sabon yanki ne da Turawa suke ta kwarara cikinsa, ƙasar da suka raba 'yan asalin wurin da ita, wani wuri da ciniki na jeka-na-yi-ka, wani wuri da ƙarfi. Kowace gona sai an auna ta, kowace hanya sai an fitar da ita, kowace rigimar iyaka sai an kira safiyo. Kayan aikinsa kamfas ne da wata sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66 wadda aka kasa gida 100. Filin da ya kai sarƙa 10 a tsawo da sarƙa 1 a faɗi shi ne eka guda. Sauran aikin kuwa lissafin kusurwa ne a takarda. Kuɗin aikin ya fi na takalmi nesa ba kusa ba, amma babbar ribar tana wani wuri. Safiyo ya san inda ƙasa mai kyau take kafin kowa ya sani, ya san wanda bashi ya ci yake neman sayarwa, ya san duk mai faɗa a ji a lardin, su ma sun san shi. Sherman ya riƙa sayen filaye da abin da yake samu, kafin wani lokaci yana cikin manyan masu ƙasa a garin. In ka tambaye ni mene ne ya kai shi majalisa, sarƙar nan zan nuna maka kafin basilla.

Daga 1750 zuwa 1761 kuma yana fitar da ɗan littafin kalanda na shekara-shekara, irin wanda kusan kowane gidan manomi yake ajiyewa: fitowar rana da faɗuwarta, kwanakin wata, ranakun husufi, lokutan zaman kotu, da 'yan nasihohi. Shi yake yin lissafin taurarin da kansa. Amfanin wannan a siyasa ba ƙarami ba ne, tun da sunansa yana rataye a ɗakunan mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai kanti. Shi da yayansa suka buɗe kantin sayar da kaya a garin wajen 1750, kuma a bayan kantar nan ya samu raunin da bai warke ba har ya mutu. Lokacin kowane yanki yana buga takardun kuɗinsa, da alƙawarin zai karɓe su daga baya ta hanyar haraji. Maƙwabciyarsu Rhode Island ta yi ƙaurin suna wajen bugawa ba ƙaƙƙautawa, takardunta kuma suna yawo a Connecticut kamar na gida. Ka ɗauka mutum ya ci bashin kaya a kantinka yau. Ya ja ƙafa shekara ɗaya ko biyu, sannan ya zo ya ƙirga maka daidai adadin da aka rubuta, amma da takardun da darajarsu ta zube. A littafi ya biya, a aljihunka ka yi asara, ga shi kai kuma 'yan kasuwar da suka ba ka sari ba za su karɓi wannan daga hannunka a tsohon farashi ba. A 1752 Sherman ya buga wata ƙasida a kan haka da sunan aro na Girkanci mai ma'anar masoyin doka tagari. Hujjarsa a taƙaice: kuɗi ma'auni ne, ma'aunin da ke raguwa kuwa daidai yake da mudun algus, kuma zalunci ne doka ta tilasta wa mai bin bashi ya karɓe shi. Ya nemi a hana takardun Rhode Island yawo a Connecticut, a ƙarshe ya ƙara da shawarar a ɗora wa barasa haraji mai nauyi. Riƙe wannan ƙasida a ranka, za mu sake haɗuwa da ita bayan shekara 35.

Lauyanci ma haka ya shige shi, ba makaranta. Aikin safiyo ya riga ya saba masa da takardun fili da shari'ar iyaka, ya karanta littattafan doka da kansa, a 1754 aka ba shi izinin tsayawa gaban kotu a Litchfield. A 1755 garinsa ya tura shi majalisar Connecticut, aka kuma naɗa shi ƙaramin alƙali. Kafin nan ya riga ya bi ta ƙananan muƙaman gari waɗanda ba mai rububinsu, irin su ƙididdigar dukiya don haraji da kula da harkokin coci, daga baya kuma ya zama dattijon cocin.

Kar a manta da irin ƙasar da wannan ya yiwu a cikinta. Connecticut tana da takardar izini daga sarkin Ingila tun 1662 wadda ta ba ta damar zaɓen gwamnanta da kanta, abin da yawancin yankunan ba su da shi. Ana zaɓen gwamna duk shekara, wakilan garuruwa kuwa duk wata shida. Ba wasu gidajen sarauta na gado da suka tare hanya. Amma ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba. Sai namiji mai dukiya daidai wani gwargwado yake jefa ƙuri'a, mata babu su, bayi babu su, kuma da wuya wanda ba ɗan cocin da gwamnati ta runguma ba ya yi nisa. Sherman ya cika sharuɗɗan nan duka kafin ya nemi komai.

Matarsa ta fari, Elizabeth Hartwell, ta rasu a 1760 bayan ta haifa masa 'ya'ya 7. Ya koma New Haven ya buɗe kanti kusa da kwalejin Yale, ya auri Rebecca Prescott a 1763, ita kuma ta haifi 8. Yale ta ba shi ma'ajinta daga 1765 zuwa 1776, har da digirin girmamawa. A 1766 rigimar harajin hatimi da Birtaniya ta ɗora wa Amurkawa ta ci kujerar gwamna Thomas Fitch, wanda ya yi rantsuwar aiwatar da dokar, tare da wasu 'yan majalisar sama da suka mara masa. A wannan guguwa Sherman ya shiga majalisar sama mai mutum 12, a shekarar kuma ya zama alƙalin babbar kotu, kujerar da ya riƙe shekara 23.

Saboda haka mutumin da Connecticut ta tura Filadelfiya a watan Satumba 1774 alƙali ne mai shekara 53, gogagge. Sai dai ƙauyancin bai bar shi ba, kuma abokan zamansa ba su bar shi ya manta ba. Silas Deane, wanda suka tafi tare, ya rubuta wa matarsa yana ƙorafin cewa mutumin bai dace da irin wannan taro na manya ba, ga tambayoyi na ba-zata, ga lafazin ƙauye, ga shi ya ƙi a yi tafiya ranar Lahadi. John Adams ya siffanta tsayuwarsa in zai yi magana: a sandare, hannun hagu a dunƙule, na dama ya riƙe wuyan na hagun, babu ko ɗigon fasali, amma a wuri guda ya yaba kaifin kansa da ingancin hukuncinsa. Akwai hotonsa da mai zane Ralph Earl ya yi a wannan tsakani, yana zaune cikin tufa mara ado, babu hular gashin nan da manyan lokacin suke sawa. Raina kama ka ga gayya. A watan Yuni 1776, cikin 'yan kwanaki, aka sa shi a kwamitin mutum biyar na rubuta takardar ayyana 'yancin kai tare da Jefferson, Adams, Franklin da Livingston, aka sa shi a kwamitin tsara yarjejeniyar haɗin kan jihohi, aka kuma sa shi a hukumar kula da yaƙi. Jefferson ne ya rubuta takardar 'yancin, kar wani ya ce maka Sherman ne. Shi gwaninta tasa aikin kwamiti ce: lissafin abincin soja, albashi, bashi, abubuwan da masu iya jawabi suke gudu.

A nan ne wani labari yake fitowa wanda zai yi wa Baffa daɗi. An ce wani kwamiti yana duba kuɗin kwangilar takalman sojoji, sai Sherman ya ce an cuci gwamnati, ya zayyana kuɗin fata da na ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambaye shi yadda ya san haka, ya ce ai sana'arsa ce. Tsofaffin marubuta tarihinsa ne suka kawo labarin, a matsayin abin da aka ji daga bakin mutane. Abin da ba a jayayya a kai shi ne bai taɓa ɓoye asalinsa ba, kowa ya sani. William Pierce na Georgia, da ya rubuta siffofin mahalarta taron rubuta kundin tsarin mulki na 1787, ya ambaci cewa da can baduku ne, ya ce bai taɓa ganin mutum mai baƙon fasali irinsa ba, sannan ya ce da wuya ya sa abu gaba bai cim masa ba.

Taron 1787 ɗin shi ne inda ya bar babban tambarinsa. Yana shekara 66, Franklin kaɗai ya girme shi a zauren, kuma bisa rubutun James Madison, wakilin Virginia a taron, ya yi magana sau 138, mutum uku ne kawai suka fi shi. Rigimar da ta kusa wargaza taron ita ce ta wakilci. Manyan jihohi, Virginia a gaba, suna so a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a. Ƙananan suna so kowace jiha ta ci gaba da ƙuri'a ɗaya kamar da. Ka ga girman tazarar a ƙidayar 1790: Virginia tana da mutum kusan 750,000, Delaware ba ta kai 60,000 ba, Connecticut tana tsakiya da kusan 238,000. Ranar 11 ga Yuni Sherman ya kawo shawara a raba gardama: majalisa ɗaya bisa yawan jama'a, ɗayar kuma jihohi su zama daidai. Ba ranar ya fara tunanin ba, tun 1776 ya taɓa cewa a riƙa ƙirga ƙuri'a hanya biyu, ta yankuna da ta mutane. Aka kayar da shi da ƙuri'a 6 da 5. Aka shafe fiye da wata guda ana ja, har aka fara zancen kowa ya kama gabansa, kafin ranar 16 ga Yuli tsarin ya wuce da ƙyar, jihohi 5 da 4, Massachusetts ta rabu biyu. Shi da abokinsa Oliver Ellsworth ake jingina wa wannan sulhu, shi ya sa ake kiransa da sunan jiharsu. A kwanakin ƙarshe ma sai da ya matsa aka rubuta cewa ba za a taɓa raba wata jiha da daidaiton ƙuri'arta a Majalisar Dattawa ba sai da yardarta.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, ko da ba ka sani ba. Da Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, da wannan rabo ta ɗauko. Shi ya sa yau Kano take da 'yan Majalisar Wakilai 24, Bayelsa tana da 5, amma a Majalisar Dattawa kowacce sanata 3 gare ta.

Yanzu sai sashen ƙarshe na tambayarka, wanda amsarsa ba za ta yi daɗin ji ba. Kwana ɗaya da isowarsa taron, ranar 31 ga Mayu, aka tayar da zancen wa zai zaɓi 'yan Majalisar Wakilai. Tsohon badukun ya miƙe ya ce majalisun jihohi su zaɓa, domin a ganinsa gara a rage hannun jama'a kai tsaye a harkar gwamnati iya yadda za a iya, ba su da cikakken sanin al'amura, kuma kullum ana iya ruɗarsu. Wanda ya tashi ya kare haƙƙin talaka ya yi zaɓe kuwa George Mason ne, mai gandu da bayi a Virginia. Don a yi masa adalci, Sherman ya so a riƙa zaɓen wakilai duk shekara, kuma amanarsa tana kan ƙananan majalisun da ke kusa da gari irin wanda ya taso a ciki, inda kowa ya san kowa. Gwamnatin nesa ce bai yarda da ita ba. Shugaban ƙasa ma cewa ya yi majalisa ta naɗa shi, ya zama mai aiwatar da abin da ta yanke kawai. A zancen zaɓen wakilai da na naɗin shugaba duka an kayar da shi. Amma kalmomin da ya faɗa a kan jama'a suna nan a rubuce.

Sai ƙasidar nan ta 1752. Yaƙin 'yanci ya ƙara masa ƙiyayyar kuɗin takarda, domin a gabansa majalisar wakilan yankunan ta buga sama da dala miliyan 200, a 1780 aka koma karɓar dala 40 a matsayin 1, daga baya suka zama takardar banza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ranar 28 ga Agusta 1787 daftarin ya ce jihohi za su iya buga kuɗin takarda in majalisar tarayya ta yarda. Sherman da James Wilson suka nemi a haramta gaba ɗaya. Ya ce dama ce ta samu ta murƙushe kuɗin takarda, in aka bar ƙofa masoyansa za su yi duk yadda za su yi su shiga majalisa su halatta shi. Aka amince, haramcin yana cikin kundin har yau. To su wa ne masoyan nan? Akasarinsu ƙananan manoma ne da bashi da haraji suka shaƙe, ba su da azurfar biya, ana yi wa gonakinsu gwanjo. Watanni kaɗan kafin taron irinsu suka ɗauki makami a yammacin Massachusetts ƙarƙashin Daniel Shays suna hana kotuna zama. Hujjar Sherman a kan ma'auni tana da ƙarfi, ban musa ba, kuma faɗuwar darajar kuɗi tana cin mai albashi da gwauruwa kafin ta ci attajiri. Amma a rigimar mai bin bashi da wanda ake bi, shi a bayan kanta yake tsaye, tun yana shekara 30 can yake.

Zancen bayi ya fi wannan nauyi. Ya ce ba ya son fataucin bayi, kuma gyaran dokokin Connecticut da ya yi tare da Richard Law shi ne ya zo da dokar 1784 mai 'yanta 'ya'yan bayi in sun kai shekara 25. Ya ƙi a sa haraji kan bayin da ake shigowa da su, don kada ya zama an amince su kaya ne. Duk da haka ranar 22 ga Agusta ya ce a bar maganar yadda aka same ta, gara a ƙyale jihohin kudu su ci gaba da shigo da bayi da a rabu da su, wai ai bautar tana kan hanyar ƙarewa da kanta. Aka bar fataucin har 1808. Carolina ta Kudu ta sake buɗe tasharta a 1803, cikin 'yan shekarun da suka rage aka sauke dubun dubatar 'yan Afirka a can. Bayi kusan 700,000 ne a ƙasar a 1790, a 1860 sun kusa miliyan 4. Gwanin lissafi bai taɓa yin kuskuren lissafi kamar wannan ba, kuma halin nan nasa na neman inda za a haɗu a tsakiya, wanda ya ceci taron a watan Yuli, shi ne dai ya yi aiki a nan.

Da aka kafa sabuwar gwamnati, Connecticut ta zaɓe shi cikin wakilanta 5 a majalisa ta farko da ta zauna a New York a 1789, dole ya ajiye alƙalanci. Alawus ɗinsu dala 6 ne a rana. Cikin dokokin farko da suka yi akwai ta kuɗin fito, wadda aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, har da takalman da ake shigowa da su daga waje a ciki: santi 50 kan dogon takalmi, santi 7 kan na fata na yau da kullum. Ya goyi bayan Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, kan gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin yaƙi na jihohi da kuma kafa bankin ƙasa. Abin da aka fi tuna shi da shi a wannan majalisa kuwa wani abu ne mai kama da ƙarami. Madison ya kawo gyare-gyaren kare haƙƙin ɗan ƙasa, yana so a cusa kowanne cikin jikin kundin a inda ya dace. Sherman tun farko bai ga bukatarsu ba, yana ganin kundayen jihohi sun wadatar. Da ya ga ba makawa, sai ya dage a jera su a ƙarshe, kada a taɓa takardar da mutane suka sa wa hannu. Aka ƙi ranar 13 ga Agusta, ya sake kawowa ranar 19 aka yarda. Dalilin da ya sa Amurkawa suke da gyare-gyare goma a jere da kowane ɗan makaranta yake iya nunawa ke nan, daga hannun mutumin da bai so a yi su ba.

A 1791 aka mai da shi Majalisar Dattawa. Ya rasu a New Haven ranar 23 ga Yuli 1793 da zazzaɓin taifot, yana shekara 72, yana sanata kuma yana magajin garin, kujerar da ya riƙe tun 1784. Shi kaɗai ne ya sa hannu a manyan takardun kafa ƙasar guda huɗu: yarjejeniyar ƙaurace wa kayan Birtaniya ta 1774, takardar 'yancin kai, yarjejeniyar haɗin kan jihohi, da kundin tsarin mulki. Bai mutu da wata dukiya ta a zo a gani ba, kasuwancinsa ya durƙushe a shekarun yaƙi yana can yana zaman kwamiti. Jikokinsa lauyoyi da sanatoci suka zama. Ɗaya daga cikinsu, Roger Sherman Baldwin, yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa 'yan Afirkan nan na ƙasar Mende da suka ƙwace jirgin Amistad daga hannun masu safararsu, har Kotun Ƙoli ta sake su a 1841.

In kana neman mai sana'ar hannu da ya je majalisar yana magana da bakin ƙananan mutane, akwai su a zamanin, sai dai ba su yi sunan Sherman ba. William Findley masaƙi ne daga Ireland da ya zauna a yammacin Pennsylvania, ya yi adawa da kundin tsarin mulkin saboda yana ganin ya fifita masu hannu da shuni, ya shiga majalisa a 1791 ya yi shekaru fiye da 20 a cikinta. Matthew Lyon kuwa ya fara koyon aikin ɗab'i a Dublin, ya zo Amurka yana yaro da sharaɗin zai yi bauta ta wasu shekaru a bakin kuɗin jirgi, ya wakilci Vermont, aka ɗaure shi wata huɗu a 1798 saboda sukar shugaba John Adams, mutanensa suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. A gaida Baffa da mutanen shago.